Nikos Zachariadis: Jagoran 'Yan Tawayen Girka Da Mosko Ta Naɗa, Ta Kuma Tuɓe

A ranar 1 ga watan Agustan 1973, wani dattijo ɗan shekara 70 ya rasu a garin Surgut da ke bakin kogin Ob, can cikin Saiberiya. Takardun shaidar da hukumomin Tarayyar Soviet suka ba shi suna ɗauke da sunan Nikolai Nikolayev, sanarwar rasuwarsa kuma ta ce ciwon zuciya ne ya zama ajalinsa. Sunan na aro ne, sanarwar ma ƙirƙira ce. Mamacin shi ne Nikos Zachariadis, wanda ya riƙe Jam'iyyar Kwaminis ta ƙasar Girka, wato KKE, daga 1931 zuwa 1956, ya kuma ja ragamar 'yan tawaye a yaƙin basasar da aka gwabza a ƙasar daga 1946 zuwa 1949. Sai bayan shekaru masu yawa aka bayyana cewa rataye kansa ya yi.

Ko maƙiyansa ba su musanta cewa jarumi ne mai kaifin basira ba. Ya sha ɗauri a hannun gwamnatin ƙasarsa da hannun 'yan Nazi, bai taɓa sa hannu a takardar tuba ba. Sai dai kujerar da ya zauna a kai ba mutanen da yake shugabanta ne suka ba shi ita ba. Daga Mosko aka naɗa shi, can ne kawai yake jin akwai wanda zai iya tuhumarsa. Duk wani na ƙasa da shi da ya ce masa akwai gyara, sai ya ɗauke shi maci amana. Ran da iska ta juya a Mosko, ba a bar masa kowa a kusa da zai tare masa ba.

Ɗan gudun hijira da aka horar a Mosko

An haifi Zachariadis ranar 27 ga Afrilun 1903 a birnin Adrianople, wanda yau ake kira Edirne, lokacin yana ƙarƙashin Daular Usmaniyya. Mahaifinsa ma'aikaci ne a kamfanin da ke da ikon cinikin taba shi kaɗai a daular, aikin da ya riƙa kai iyalin daga wannan gari zuwa wancan. Yana saurayi ya koma Istanbul, ya yi aikin tashar jiragen ruwa, ya kuma bi jirage a Baƙin Teku. A waɗannan tafiye-tafiye ya haɗu da aƙidar juyin juya halin da aka yi a Rasha a 1917. Daga baya ya shiga makarantar da Mosko ta buɗe don horar da 'yan kwaminis na ƙasashen gabas.

Ya shiga Girka a 1924, lokacin da ƙasar ke fama da Girkawa sama da miliyan ɗaya da suka kwararo daga Turkiyya bayan yaƙi da musayar jama'ar da ƙasashen biyu suka yi. Shi ma baƙo ne a ƙasar kakanninsa. Ya fara aiki a reshen matasa na jam'iyya, aka kama shi ba sau ɗaya ba, ya tsere, ya sake komawa Tarayyar Soviet. A 1931 rikicin ɓangarori ya kusa wargaza KKE. Ƙungiyar 'yan kwaminis ta duniya da ke Mosko ta tsoma baki, ta ture shugabannin da ke rigima da juna, ta ɗora Zachariadis yana da shekara 28.

Ya tsara jam'iyyar a kan salon Stalin: umarni daga sama, biyayya daga ƙasa. Tsarin ya yi aiki. A zaɓen Janairun 1936 'yan kwaminis da abokan ƙawancensu sun sami kujeru 15 cikin 300. Yawan bai taka kara ya karya ba, amma da yake masu goyon bayan sarki da abokan hamayyarsu sun yi kusan kunnen doki, sai kujerun nan 15 suka zama raba-gardama a majalisa. Wannan da yajin aikin ma'aikatan taba da aka zubar da jini a kansa a Tasalonika cikin watan Mayu su ne hujjar da Janar Ioannis Metaxas ya riƙe. Ranar 4 ga Agustan 1936 ya soke majalisa da amincewar Sarki George na Biyu, ya kafa mulkin kama-karya. Wata guda bayan haka aka kama Zachariadis.

Shekara tara a tsare

Ministan tsaron cikin gida na Metaxas, Konstantinos Maniadakis, ya san sana'arsa. Ya fito da takardar tuba, wadda duk ɗan kwaminis da ya sa wa hannu za a sake shi, a kuma buga sunansa jama'a su gani. Ya kuma kafa shugabancin jam'iyya na bogi, har da buga jaridar jam'iyya ta jabu, ta yadda ɗan jam'iyya bai san wa zai yarda da shi ba. Zachariadis ya kwashe yawancin waɗannan shekaru a keɓe a kurkukun tsibirin Corfu. Darasin da ya ɗauka shi ne kowa na iya zama ɗan leƙen asiri, kuma wannan zargi bai rabu da shi ba har ƙarshen mulkinsa.

Ranar 28 ga Oktoban 1940 Italiya ta Mussolini ta afka wa Girka. Bayan kwana uku Zachariadis ya rubuta wasiƙa daga tsare, ya kira dukkan Girkawa su mara wa yaƙin kare ƙasa baya, ko da yake gwamnatin da ta ɗaure shi ce ke jagorantarsa. A lokacin yarjejeniyar Stalin da Hitler tana nan daram, matsayin Mosko kuwa shi ne yaƙin duniya rigimar 'yan mulkin mallaka ce da bai kamata 'yan kwaminis su shiga ba. Gwamnati ta buga wasiƙar a jaridu, wasu 'yan jam'iyya suka ɗauka jabu ce. Daga baya ya sake rubuta wasu biyu da suka sassauta matsayin, amma ta farkon ce ta zauna a zukatan mutane. Ita ce takardar da ta fi jawo wa jam'iyyarsa mutunci, kuma da hankalin kansa ya rubuta ta, ba tare da jiran umarni ba.

Da Jamusawa suka mamaye Girka a 1941, sai ya faɗa hannunsu. Suka kai shi sansanin Dachau, inda ya zauna har sojojin Amurka suka buɗe shi a ƙarshen Afrilun 1945.

Ƙasar da ya dawo ya tarar

Babban aikin da jam'iyyarsa ta yi a tarihinta a bayan idonsa aka yi shi. KKE ta jagoranci kafa ƙungiyar gwagwarmaya ta EAM a Satumban 1941, sannan a ƙarƙashin Georgios Siantos aka kafa rundunarta ELAS, wadda fitaccen kwamandanta shi ne Aris Velouchiotis. Lokacin da Jamusawa suka janye a Oktoban 1944, yawancin ƙauyuka da duwatsun ƙasar suna hannun ELAS. Amma a wannan watan ne Churchill da Stalin suka zauna a Mosko suka yi rabon yankin Balkan a kan 'yar takarda, Birtaniya ta tashi da kashi 90 cikin 100 na faɗa-a-ji a Girka. A Disamban 1944 faɗa ya ɓarke a Athens tsakanin ELAS da sojojin Birtaniya da na gwamnati. An shafe fiye da wata guda ana yi, Stalin bai ce uffan ba. ELAS ta sha kaye, ta amince ta ajiye makamai a yarjejeniyar Varkiza ta 12 ga Fabrairun 1945. Bayan haka 'yan daba masu goyon bayan sarki suka shiga farautar tsofaffin mayaƙan ELAS a ƙauyuka, hukuma na kallo.

A cikin wannan hali Zachariadis ya sauka Athens a ƙarshen Mayun 1945. Velouchiotis ya riga ya ƙi yarda da Varkiza, ya koma duwatsu yana cewa tarko ce. A watan Yuni jam'iyya ta fito fili ta yi tir da shi. Cikin 'yan kwanaki dakarun gwamnati suka yi masa ƙawanya, ya mutu, aka rataye kansa a dandalin garin Trikala. Shi ne na farko cikin jerin manyan mutanen da jam'iyya ta yasar a zamanin Zachariadis, kuma ba a yi shekara biyu ba ta ɗauki makaman da ta la'ance shi a kansu.

Da zaɓen 31 ga Maris ɗin 1946 ya gabato, Zachariadis ya yanke shawarar a ƙaurace masa, bisa hujjar cewa ba za a yi adalci cikin ta'addanci ba. Takardun da suka fito daga baya sun nuna shawarar da ta zo daga ɓangaren Mosko ita ce a shiga zaɓen. Ƙauracewar ta bar majalisa gaba ɗaya a hannun abokan gaba. A daren jajibirin zaɓen 'yan bindiga suka kai hari ofishin jandarmomi a garin Litochoro, a gindin dutsen Olympus, harin da aka saba ɗauka a matsayin mafarin yaƙin basasa. A watan Satumba ƙuri'ar raba-gardama ta dawo da sarki. Ranar 28 ga Oktoban 1946 aka haɗa ƙungiyoyin mayaƙan duwatsu aka kafa Rundunar Dimokuraɗiyya ta Girka, a ƙarƙashin Markos Vafiadis.

Saɓani da Markos

Markos tsohon ma'aikacin taba ne, shi ma ɗan gudun hijira daga Anatoliya, kuma ya yi yaƙin duwatsu a zamanin Jamusawa. Ra'ayinsa shi ne a tsaya kan yaƙin sari-ka-noƙe: a kai hari, a ɓace, a gajiyar da gwamnati har ta nemi sulhu. Zachariadis bai taɓa yin wannan yaƙi ba, amma burinsa ya fi na Markos girma. Yana son runduna irin ta ƙasa, mai bataliyoyi da manyan bindigogi, wadda za ta kama yanki a arewa ta riƙe, ta sa ido kan Tasalonika, ta kafa gwamnatin da ƙasashen gurguzu za su amince da ita.

Lokaci bai jira shi ba. A watannin farko ya yi jinkirin tura magoya bayan jam'iyya na birane zuwa duwatsu, kafin ya farga gwamnati ta kwashe dubbansu zuwa tsibirai irin su Makronisos. A Fabrairun 1947 Birtaniya ta shaida wa Amurka ba za ta iya ci gaba da ɗaukar nauyin Girka ba. Ranar 12 ga Maris Shugaba Truman ya nemi majalisar Amurka ta ware dala miliyan 400 don Girka da Turkiyya. Makamai da masu ba da shawara suka biyo baya, a 1948 Janar James Van Fleet ya zo ya jagorance su. Gwamnati ta kuma kwashe mazauna ƙauyukan duwatsu, kimanin mutum 700,000, ta tara su a gefen garuruwa, don 'yan tawaye su rasa abinci da labari da sababbin mayaƙa. Rundunar da aka yi mafarkin za ta kai 50,000 ko fiye ba ta taɓa kai 30,000 a lokaci guda ba. Sai ta koma ɗaukar mutane da ƙarfi, maza da mata. Ta kuma tsallakar da yara sama da 20,000 zuwa ƙasashen gabashin Turai. Ita ta ce ceto ne daga yaƙi, gwamnati ta ce sata ce, alhali ita ma tana tara yara a sansanonin da Sarauniya Frederica ta kafa. Har yau Girkawa ba su daina jayayya a kan wannan al'amari ba.

A ƙarshen Disamban 1947 aka yi shelar gwamnatin wucin gadi a duwatsu, Markos na shugabanta. Ranar Kirsimeti aka kai wa garin Konitsa hari don a mai da shi hedikwata, harin ya ci tura. Gwamnatin Athens ta haramta KKE. Babu ƙasa ko ɗaya da ta amince da gwamnatin duwatsun, har da Tarayyar Soviet. A Fabrairun 1948 Stalin ya gana da shugabannin Yugoslabiya da Bulgeriya a Mosko. Milovan Djilas, wanda ya halarci zaman, ya ruwaito cewa Stalin ya nuna musu tawayen Girka ba shi da makoma, don Amurka da Birtaniya ba za su bari a yanke musu hanya a Bahar Rum ba, gara a naɗe shi. Mutumin da Zachariadis ke yaƙi da sunansa ya riga ya fid da rai.

A bazarar 1948 sojojin gwamnati suka kwashe fiye da wata biyu suna dukan sansanin 'yan tawaye a duwatsun Grammos. 'Yan tawayen suka fasa ƙawanya suka tsallaka Vitsi, amma sun yi asarar da ba su da hanyar mayarwa. A nan ne saɓanin mutanen biyu ya kai maƙura. Aka fitar da Markos daga ƙasar a watan Agusta da sunan rashin lafiya, a Janairun 1949 aka tuɓe shi a hukumance. Zachariadis ya haɗa jam'iyya da runduna a hannunsa.

Tsakanin Tito da Stalin

Hanyar da ta fi ciyar da tawayen ta Yugoslabiya ce. Ta nan makamai ke shigowa, can ake kai masu rauni, can mayaƙa ke fakewa idan wuta ta yi zafi. Ranar 28 ga Yunin 1948 Stalin ya sa aka kori Yugoslabiya ta Tito daga ƙungiyar jam'iyyun kwaminis. Zachariadis ya sami kansa tsakanin maƙwabcin da ke ba shi harsashi da ubangidan da ya ba shi kujera. Ya zaɓi ubangida.

A zaman kwamitin tsakiya na Janairun 1949 ya ƙara wani mataki. Da yake kaso mai yawa na mayaƙansa a lokacin 'yan ƙabilar Slav ne na yankin Masedoniya, sai jam'iyya ta yi musu alkawarin 'yancin zaɓar makomarsu bayan nasara. Gwamnati ta sami abin da take nema, ta riƙa shelar cewa 'yan kwaminis za su yanki ƙasa su ba baƙi. A wannan watan ne Janar Alexandros Papagos ya karɓi jagorancin sojojin gwamnati. A Fabrairu 'yan tawaye suka kai wa garin Florina babban hari irin wanda Zachariadis ke so, aka yi musu mummunar ɓarna. A Yuli Tito ya sanar da rufe iyaka. A Agusta gwamnati ta afka wa Vitsi sannan Grammos da jiragen yaƙin Amurka da bama-bamai masu ƙuna. Kafin watan ya ƙare ragowar rundunar ta tsallaka Albaniya. Ranar 16 ga Oktoban 1949 gidan rediyon 'yan tawaye ya sanar da dakatar da faɗa. Dubun-dubatar mutane sun mutu, ƙauyuka da dama sun zama kufai.

Farautar maciya amana

Aka ɗebi dubban mayaƙa a jiragen ruwa zuwa Tarayyar Soviet, aka zaunar da su a Tashkent, wasu aka rarraba su a gabashin Turai. Shugabannin jam'iyya suka tare a Bucharest ta Romaniya. Tambayar da kowa ke yi ita ce me ya jawo faɗuwa. Zachariadis ba zai iya ɗora wa Stalin laifi ba, bai kuma yarda ya ɗora wa kansa ba. Sai aka bar jaki ana dukan taiki. Laifi ya koma kan Tito da kuma maciya amanar cikin gida. A babban taron 1950 aka yi wa Markos tambarin ɗan koren maƙiya. Siantos, wanda ya rasu tun 1947, aka bi shi kabari da irin wannan zargi. Kostas Karagiorgis, tsohon editan jaridar jam'iyya da ya soki yadda aka tafiyar da yaƙin, ya mutu a tsare a Romaniya.

Mafi muni shi ne abin da ya sami Nikos Ploumpidis, tsohon malamin makaranta da ke aikin jam'iyya a ɓoye a Athens. Lokacin da kotun soja ta yanke wa Nikos Beloyannis hukuncin kisa a 1952, Ploumpidis ya aika wasiƙa cewa shi ne shugaban aikin ɓoye, zai miƙa kansa idan aka sassauta hukuncin. Rediyon jam'iyya ya ce wasiƙar jabu ce. Aka harbe Beloyannis ranar 30 ga Maris. Daga baya shugabancin Zachariadis ya ayyana Ploumpidis ɗan leƙen asirin hukuma. Gwamnati ta kama shi, ta harbe shi a Agustan 1954, ya mutu yana biyayya ga jam'iyyar da ke kiransa maci amana. Sai a 1958 aka wanke shi.

Juyawar iska

Stalin ya mutu a Maris ɗin 1953. Khrushchev ya nemi sulhu da Tito, ke nan wanda ya yi fice wajen zagin Tito ya zama kaya. A Satumban 1955 rikici ya ɓarke tsakanin Girkawan Tashkent, magoya bayan Zachariadis da masu adawa da shi suka ba hamata iska a tituna. A Fabrairun 1956 Khrushchev ya tona asirin mulkin Stalin a babban taron jam'iyyarsu. Wata guda bayan haka wani kwamiti na jam'iyyun kwaminis shida na gabashin Turai, da Tarayyar Soviet a ciki, ya kira zaman kwamitin tsakiya na KKE, aka tuɓe Zachariadis. Yadda aka ɗora shi a 1931 haka aka sauke shi a 1956, daga waje, ba tare da an tambayi 'yan jam'iyya ba. A 1957 aka kore shi daga jam'iyyar gaba ɗaya, aka kuma jingina masa zargin cin amana irin wanda ya saba jingina wa wasu. Ramin da ya gina da zurfi shi ya faɗa.

Aka tura shi garin Borovichi, aka ba shi aiki a hukumar gandun daji. A 1962 ya sulale zuwa Mosko, ya shiga ofishin jakadancin Girka, ya nemi a bar shi ya koma gida ya fuskanci shari'a. Ba a biya masa buƙata ba. Sakamakon wannan yunƙuri shi ne aka ƙara nesanta shi zuwa Surgut, inda ya shafe shekara 11 a ƙarƙashin sa ido. Ya yi ta rubuta takardun koke, ya yi yajin cin abinci sau da dama, yana neman a mayar masa da sunansa da 'yancin tafiya. Duk da haka bai bar aƙidarsa ba. Ya mutu ɗan kwaminis, fursunan ƙasar da ya bauta wa tun yana saurayi.

Shekara guda bayan rasuwarsa mulkin sojan Girka ya faɗi, gwamnatin Konstantinos Karamanlis ta halatta KKE. Markos, wanda ya taɓa kora, ya koma gida a 1983, ya zama ɗan majalisa, ya rasu a Athens a 1992. A 1989 majalisar Girka ta yi dokar da ta daina kiran rikicin yaƙin 'yan fashi, ta amince cewa yaƙin basasa ne. A Disamban 1991, watan da Tarayyar Soviet ta rushe, aka ɗauko ƙasusuwan Zachariadis daga Saiberiya aka binne su a Athens. A 2011 KKE ta soke hukuncin korarsa ta mayar masa da matsayinsa na ɗan jam'iyya, shekara 38 bayan mutuwarsa.